AMSOSHIN WASIƘUNKU: Fijo Ta Haɗa Ruwa Da Baƙin Mai A Kakangi

Yau wasiƙa ɗaya za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo, kuma mun san ba mai ita kaɗai za ta yi wa amfani ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a Kakangi, cikin ƙasar Birnin Gwari. Ya ce yana da tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura wadda ya gada daga mahaifinsa, da ita yake kwaso masara daga gona, da ita kuma yake kai kaya kasuwa. Kwanan baya ta yi zafi a hanya har lagireto ya tafasa, ya jira ta huce, ya ƙara ruwa ya iso gida. Tun daga ranar kullum sai ya ƙara ruwa, da ya zaro gejin baƙin mai kuwa sai ya ga man ya koma kamar shayi da madara. Wani ya ce masa juye kawai za a yi, wani ya ce tof gaskit ne ya ƙone. Shi ne yake tambaya, shin zai iya yin juyen da canjin gaskit ɗin da kansa a gida? Ga shi kaka ta gabato, kuma ba ya son ya ɗauki hanya da motar da bai amince da ita ba.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ji ƙan mahaifi. Kafin mu ce komai, ga magana ɗaya da muke so ka riƙe tun yanzu: kada ka sake tayar da motar nan, ko da zuwa bakin kasuwa ne. Baƙin man da ya haɗu da ruwa ya daina aikinsa. Aikin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su cin juna, musamman a kan metal ɗin karanshaf. In ruwa ya shiga, sai ƙarfe ya riƙa gugar ɗan'uwansa, kafin ka ankara inji ya buga. Yanzu maganar gaskit ake yi. In ka ci gaba da hawa, maganar sabon inji za a koma yi, kuma ka fi mu sanin abin da wannan ke nufi a aljihun manomi ana gab da girbi.

Mun kuma fahimci dalilinka na son yin aikin a gida. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku tafiya ce ta fiye da kilomita 100, yawancinta daji, kuma kowa ya san irin shekarun da mutanen yankin suka sha a hannun 'yan bindiga. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikinsu, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, amma duk da haka ba wanda zai so mota ta mutu masa a tsakiyar daji da la'asar sakaliya. Saboda haka tambayarka tana kan hanya.

Motar taka kuwa ba abar rainawa ba ce. A Faransa aka fara fito da 504 a 1968. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kamfanin harhaɗa Fijo da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki, a wannan shekarar ce ma wata 504 ta cinye tseren motoci na Safari a ƙasar Kenya. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa wajen 2006, bayan Turawan da suka ƙera ta sun daɗe da dainawa. Ka ga ke nan ko autar cikinsu ta manyanta. A can Turai masu irinta a ɗaki suke kulle ta, sai ranar hutu a fito da ita a goge a ɗan zaga gari. Mu nan buhunan masara take ɗauka har ta durƙusa. Abin da ya sa ta jure shi ne injinta ba shi da wata na'ura mai wuyar sha'ani, mutum da sifana da hankalinsa zai yi mata abubuwa da yawa. Amma fa tana da tarko guda ɗaya, za mu zo kansa.

Mu fara da tabbatar da ciwon. Ba kowane farin kumfa ba ne ƙonewar gaskit. In a ƙarƙashin murfin da ake zuba mai kaɗai ka ga kumfar, geji kuwa mai ne baƙi tsab, to sau da yawa raɓa ce ta sanyin hunturu, musamman ga motar da ba ta yin doguwar tafiya. Haka kuma motar da ta tsallaka rafi da damina tana iya shan ruwa ta waje. Naka dai da wuya ya zama haka, tun da ta yi zafi kuma ruwan lagireto yana raguwa. Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ka cika lagireto, ka bar motar ta kwana. Da safe ka ɗan sassauta notin juye ba tare da ka cire shi ba. Ruwa ya fi mai nauyi, shi ne ke kwanciya a ƙasa, saboda haka in akwai shi, shi zai fara ɗigowa. Ka kuma kwance fulogai huɗun nan ka jera su. Wanda ka ga ya yi fes kamar an wanke shi, alhali sauran suna da baƙi, to silindarsa ce ke shan ruwa. In ka tuna kuma, tun bayan zafin nan ko tana fitar da farin hayaƙi ta salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi ɗumi, ko tana gargada da safe, duk shaidu ne.

In haka ta tabbata, wanda ya ce maka juye kawai za a yi bai faɗa maka daidai ba. Sabon man da ka zuba, kwana ɗaya zai koma irin na jiya. Sai an toshe inda ruwan ke bi.

Yanzu sai mu rarraba aikin, don ba duka ne nauyinsu ɗaya ba.

Juye dai aikinka ne, kuma muna ganin bai kamata mai tsohuwar mota a ƙauye ya riƙa biyan wani ya yi masa ba. Ba wai don kuɗin aikin kaɗai ba, a'a, don ka san abin da ya shiga injinka. Injin fetur na 504 lita 4 yake sha, watau galan ɗaya. Ka nemi mai kauri irin wanda aka rubuta wa 20W-50, ko kuwa SAE 40. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu in da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in inji ya yi zafi. Siraran mayukan nan da ake yi domin motocin zamani, irin su 5W-30, ba su dace da injin da ya sha aiki ba, sai ka ga yana ƙona su ko yana zubar da su ta kowace kafa. Ka saya a rufaffen galan wanda hatiminsa bai karye ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wani na kirki ne, wani kuwa tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa, kuma ido ba ya bambance su. Mun san tun da aka janye tallafin mai a 2023 komai na mota ya yi tsada, amma a nan dai araha ba ta ado.

A motar da ke lafiya, ana tayar da inji ya yi ɗumi kamar minti biyar ko goma kafin a juye, don man ya saki jiki ya fito da dattinsa. Taka a wannan karon da sanyinta za ka juye, ka dai ba ta lokaci ta tsiyaye. Ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa duwatsu a tayoyi. A-kori-kura tana da tsayi, da ƙyar ne za ka bukaci jak. In ka ɗaga ta kuwa, to ka tokare da kututture mai ƙarfi, kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi. Ka lura da kyau notin da za ka kwance na inji ne, domin giya ma tana da nata can baya kaɗan, kuma an sha samun wanda ya zubar da man giya ya ƙara wa inji galan guda a kan wanda ke ciki. Notin yana da 'yar washa ta jan ƙarfe. Ka sa sabuwa. Mutane suna raina ta, su yi ta ɗaure noti da ƙarfin tsiya don ya daina ɗiga, har su cinye zaren.

Filta kuma a canja ta duk juye. Kafin ka ɗaura sabuwa ka duba ko robar tsohuwar ta manne a jikin inji, don in roba biyu suka hau kan juna man zai tsiyaye cikin 'yan mintoci. Ka shafa wa sabuwar robar ɗan mai da yatsa, ka ɗaure da hannu kawai, ban da sifana. Ka zuba man, ka tayar ba tare da ka taka totur ba, ka sa ido a kan jar fitilar mai. In ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba ta mutu ba, kashe motar. In ta mutu, bar ta ta ɗan yi aiki, ka kashe, ka jira, sa'an nan ka auna. Man ya tsaya tsakanin zane biyun da ke jikin geji. Wuce zanen sama ba gata ba ne ga inji. A kan kwalta ana iya kai kilomita 5,000 kafin wani juyen, amma ga mai bin hanyar ƙura da kaya niƙi-niƙi irinka, 3,000 ya fi. In agogon tafiya ya mutu, kamar yadda na yawancinsu ya yi, ka ɗaure abin da lokaci: kafin kwasar amfanin gona, bayan hunturu, da farkon damina. Matatar iska ma a duba ta, in irin mai ɗan mai a gindi ce a wanke a zuba sabo, don ƙurar da ta wuce ta cikin injin za ta ƙare.

Akwai wata al'ada ta wanke cikin inji da kalanzir ko gas a tayar da shi a haka. Mu dai ba mu goyi bayanta ba. Bayan an gama gyaran motarka, abin da ya fi shi ne a zuba mai mai sauƙin kuɗi da sabuwar filta, ta yi aiki kamar rabin awa, a juye da zafinsa, a sake wata filtar, sa'an nan a zuba na kirki. Galan biyu ke nan, mun sani, amma ragowar ruwan ba ta fita da juye ɗaya.

Gaskit ɗin murfin sama, wanda ke rufe bawuloli, shi ma naka ne. In ka ga mai yana gangarowa ta gefen inji, yawanci shi ne. Ka cire murfin, ka kankare tsohon tas, ka goge, ka ɗora sabo, ka ɗaure a hankali. In ka matse da yawa murfin ne zai lanƙwashe, zubar ta fi ta da.

To, sai babban, watau tof gaskit. Shi ne ke kwance tsakanin gangar jikin inji da kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda. Wuta, ruwa da mai duk ta jikinsa suke wucewa, kowa da ƙofarsa, shi ne ke raba su. A Fijo gangar jikin baƙin ƙarfe ce, kan kuwa na alminiyam ne, irin na tukwanen dalma. In inji ya yi zafi fiye da kima, alminiyam ya fi saurin buɗewa, sai kan ya ɗan banƙare, gaskit ya saki, ruwa ya sami hanya.

Ga tarkon da muka ambata. A motoci da yawa ramin da fistin ke hawa da sauka a cikinsa a jikin injin aka fafe shi. A 504 da yayarta 404 ba haka ba ne. Kowane fistin yana cikin wani bututun ƙarfe ne da ake kira silif, wanda aka zura shi kawai, ruwan lagireto yana zagaye da shi. A gindin kowane silif akwai wani siririn zobe da ke hana ruwan nan gangarawa cikin baƙin mai. Ba abin da ke danne silif ɗin sai tof silinda. Wannan dabara ce ta sa ake iya sabunta injin Fijo sau da yawa, a zare tsofaffin silif a zura sababbi. Amma ita ce kuma ke kayar da wanda bai sani ba. In ka kwance notuna ka ɗaga kan sama kai tsaye, tsohon gaskit yana iya manne wa silif ya ɗago shi. In kuma kan yana waje wani ya juya inji, ko yaro ya murɗa fanka, ko aka tura motar tana cikin giya, fistin zai turo silif sama. Ko da kaurin gashi ya motsa, zoben gindin ya tashi daga aiki, datti ya faɗa ƙarƙashinsa. Sai ka sa sabon gaskit, ka ɗaure komai, ka zuba sabon mai, washegari ka zaro geji ka sake ganin shayi da madara. A nan ne ake zagin mai kanti a ce jabu ya sayar, alhali garin neman gira ne aka rasa ido. Daga nan kuwa sai an sauke inji gaba ɗaya.

Yadda masu sani ke yi shi ne, bayan an cire batir, an zubar da ruwan lagireto da na gangar jikin inji, sai a sassauta notunan kan guda 10 kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Sandunan da ke tura bawul a zare su a soke a jikin kwali bi da bi, don kowanne ya koma raminsa. A bar noti ɗaya a kusurwa, a karkata kan gefe a kansa kamar ana buɗe ƙyaure a kwance, har ya rabu da gaskit, sa'an nan a ɗaga. Nan take a danne silif da manyan washa da notuna, kafin a taɓa komai.

Shawararmu ke nan, Malam. In ba ka taɓa tsayawa an yi wannan aiki a gabanka ba, kada motar da abincin gidanka ke kanta ta zama allon koyo. Amma ba sai ka ja ta zuwa gari ba. Ka ɗauko makaniken ya zo ya same ta a gida, ka nemi dattijo wanda ya yi zamanin Fijo, ana samunsu a garejojin tasha. Ka tambaye shi tun kafin ku yi ciniki, da me zai danne silif, kuma yana da sifana mai awon ɗauri? Amsar da ya ba ka ta isa ta nuna maka ko wane ne. Kai kuma ka tsaya a kansa ka zama yaron aiki, wata rana da hannunka za ka yi.

In kan ya fito, a wanke shi da katako ko roba, ban da kurfi ko wuƙa, don alminiyam ba ya son ƙarzane. A ɗora masa rula ta ƙarfe a tsaye da kuma a karkace. In takardar littafi ta shige ƙarƙashin rular, ya banƙare, kuma babu gaskit ɗin da zai riƙe shi. Shi kaɗai za a naɗe a buhu a kai wa masu injin gogewa a birni, su duba ko ya tsage, su daidaita fuskarsa. Ka ce su ɗebe kaɗan, don in aka cinye shi da yawa motar za ta riƙa ƙara da zafi. A tafiyar nan ce za ka sayo gaskit, a Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohon ka ɗora a kan sabon rami da rami, domin injin 504 akwai mai lita 1.8 akwai mai lita 2, kuma faɗin silindarsu ba ɗaya ba ne. A kuma duba silif ɗin ko wani ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa. In haka ne, zoben gindi ne ya mutu tun farko, gaskit kaɗai ba zai yi magani ba.

Wajen mayarwa, a tsane ramukan notuna da tsumma, kada a bar ruwa ko mai a ciki. Gaskit yana da sama da ƙasa, a kan na Faransa za ka ga an buga DESSUS, ma'anarsa sama. Ba a shafa masa gam, duk da mun san wasu ba sa jin daɗi sai sun lafta. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a yi waje, a zagaye a hankali sau biyu ko uku, da awo, ba da bututu a kan sifana ana hawa da ƙafa ba. Daga nan a saita bawul. Bayan ta yi kamar kilomita 1,000 a sake bin notunan da sanyin safiya a sake saita bawul ɗin. Wannan komawa ta biyu ita ce mutane ke mantawa.

Sai kuma a koma kan abin da ya jawo zafin tun asali, in ba haka ba sabon ma ƙonewa zai yi. A duba fanbel ko ya saki, a duba famfon ruwa da murfin lagireto da robobin ruwa. Lagireton da ya shekara yana shan ruwan rafi da na rijiya ya cika da laka da tsatsa, a ba masu wanki su buɗe shi su zuzzura. Nan gaba ka riƙa tara masa ruwan sama a jarka, in da hali a haɗa da ruwan maganin tsatsa da ake sayarwa. In allurar zafi ta mutu a gyara ta, ita ce idonka. Kuma ko da wasa kada ka buɗe lagireto yana tafasa, ko ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi.

Tsohon man da ka juye kuma ka zuba shi a jarka ka rufe, nesa da yara da rumbu. Kada a zubar kusa da rijiya ko inda ruwa zai kwashe shi zuwa fadama. Mun san ana shafa wa shanu da jakuna a kan gyambo ko ƙazuwa, wasu har a kan ƙaswar ƙafarsu. A daina, don akwai gubar ƙarfe da ta ƙonannen fetur a cikinsa. Masu injin yankan katako da makanikai suna karɓa, in ka kai musu.

Ka sake rubuto mana ka faɗa mana abin da kuka tarar da aka ɗaga kan. A gai da mutanen Kakangi da Randagi baki ɗaya.